Igiyar Magini da Littafin Sarkin Musulmi Bello

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

Gaisuwa ta musamman ga mutanen Wurno da Achida da Kwargaba da Lugu, da na Rabah da Gandi da Rara, da na Goronyo da Shinaka da Takakume. Wanda ke fadama yana ban ruwa, rediyo rataye a reshen bishiya, sannu da aiki. Wanda ke kan gini, Allah ya sauko da kai lafiya. 'Yan makaranta ku matso kusa, yau da ku nake, ko da yake iyayenku ma ba za su tashi hannu rabbana ba.

Kafin mu yi nisa ina da roƙo. A aiki yaro ya samo kwali, ko na taliya ko na sabulu, da almakashi ko reza, da kwalin ashana, da gawayi ko alli. A share ƙasa ta yi fes. Hausawa sun ce gani ya kori ji, ni kuwa a rediyo ji kaɗai ne hajata. Ganin, ku za ku samar wa kanku da hannunku.

Bari in fara da labarin mai Wurno, wato Sarkin Musulmi Bello. A ƙarshen shekarar 1826 wani Bature mutumin Sikotlan, Kyaftin Hugh Clapperton, ya iso wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Zuwansa na biyu ke nan. Ya taɓa zuwa Sakkwato a 1824, har ya nuna wa Bello kayan aikinsa na duban taurari, ya ga Sarkin ya san sunayen buruji da taurari da Larabci. A wannan karon ya zo da tsaraba daga Sarkin Ingila, cikinta har da littattafan Larabci. Clapperton ya rubuta a littafin tafiyarsa cewa wata safiya ya shiga wurin Bello a cikin gida, ya iske shi zaune da ɗaya daga cikin littattafan nan a gabansa. Littafin Uƙlidis ne na ilimin handasa, wato ilimin awon siffofi da filaye. Bello ya shaida masa cewa ai gidansu sun taɓa mallakar wannan littafi, wani ɗan'uwansu ne ya samo shi a Makka, amma ya ƙone a gobarar da ta ci wani sashe na gidansa shekarar da ta gabata. Ya yi godiya ƙwarai da aka mayar masa da abin da wuta ta cinye.

Ku auna lokacin. Ga yaƙin Gobir a arewa bai lafa ba, ga Shehu Laminu na Barno ya taso ta gabas, amma mutumin nan ya sami safiyar da zai zauna da littafin layi da kusurwa. Shi Clapperton bai koma gida ba, a nan ƙasar Sakkwato ya mutu a watan Afrilun 1827. Bello kuwa daga baya ya mayar da Wurno ribaɗinsa, a can ya rasu a 1837, hubbarensa na nan har gobe ana ziyarta.

To me ke cikin littafin? Uƙlidis ya rayu a Iskandariyya ta ƙasar Masar kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Littafinsa kashi 13 ne. An fassara shi zuwa Larabci a Bagadaza tun zamanin Haruna Rashid, aka sake fassara shi, sannan Sabit bin Ƙurra, wanda ya rasu a 901, ya gyara fassarar. A ƙarshen kashi na farko akwai mas'ala ta 47, wadda malaman Larabci suka yi wa laƙabi da shaklul arus, siffar amarya. Ita ce yaranmu ke kira ƙa'idar Faitagoras, ita ce kuma maganarmu ta yau.

Ni dai a makaranta haddarta na yi. Malaminmu ya rubuta haruffa uku a allo, kowanne da ɗan 2 a kansa kamar hula, muka rera kamar aku, muka ci jarrabawa, muka manta. Ba wanda ya taɓa ce mana ɗan 2 ɗin nan fili ne, fili irin wanda ake sharewa, a shimfiɗa tabarma, a dasa albasa.

Sai da na tashi gini. Ɗakin farko wani saurayin magini na ba, mai saurin hannu, mai saurin baki. Da ido ya ja harsashi. Bulo ya hau, aka yi rufi, aka yi filasta, kowa ya shigo sai ma sha Allah. Ranar da mai tayil ya zo asiri ya tonu. Layin farko ya bi bango lafiya lau, amma tayil ɗin gefe da ya fara da faɗin tafin hannu, kafin a kai ƙarshen ɗaki ya koma faɗin yatsa biyu. Gado ya ƙi zama a lungu sai da aka cusa tsumma a bayansa. Har yau in na shiga ɗakin nan, can idona ke fara sauka.

Da zan ƙara ɗaki na biyu sai na nemo wani dattijo. Ya kafa fegi, ya ja igiya biyu daga jikinsa, ɗaya gabas ɗaya kudu. Ya auna ƙafa 3 a jikin ta farko ya ɗaura ƙyalle, ya auna ƙafa 4 a jikin ta biyu ya ɗaura ƙyalle. Sannan ya miƙa tef daga ƙyalle zuwa ƙyalle, yana ce wa yaronsa, "Matsa kaɗan. Ƙara. Ka wuce, dawo. Tsaya nan." Bai bari an buga fegi na gaba ba sai da tef ya nuna ƙafa 5 cif.

Na ce, "Baba, don me sai biyar?"

Ya ce, "Malam, in ta ba ka biyar, kusurwa ta yi sukwaya. In ta wuce biyar, ɗaki ya buɗe baki. In ta kasa, ya tsuke."

Na ce, "Na ji, Baba. Amma uku da huɗu ai bakwai ne. Ina biyar ta fito?"

Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Kai da kay yi boko, ni kaka tambaya? Ni dai haka maigidana yag gwada min, kuma wagga igiya ba ta taɓa ba ni kunya ba."

Ni ne na ji kunyar. Shi yana da aikin babu dalili, ni ina da haruffan babu aiki.

(Ɗan gajeren kiɗa)

To bismillah, a durƙusa. Siffa mai gefe uku ita ce alwatika. Wadda muke magana a kanta tana da kusurwa ɗaya irin ta lungun ɗakin da aka gina daidai, wadda magina ke ce wa sukwaya, 'yan makaranta su ce digiri 90. Don kada mu rikice a rediyo, mu raɗa wa gefunan suna. Ku tuna tsani jingine da bango. Gefen da ke tsaye shi ne bango. Wanda ke kwance shi ne ƙasa. Na ukun, dogon, wanda ya karkata yana fuskantar kusurwar, shi ne tsani.

Jera tsinken ashana 3 a tsaye, baki da baki. Daga gindinsu jera 4 a kwance. Bakin kwalinka zai gwada maka ko kusurwar ta yi sukwaya. Yanzu rufe daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Ashana 5 za su shiga, ba ragi ba ƙari.

Saura abin da ba a nuna mana ba a aji. A jikin bango, ta waje, zana murabba'i, wato fili mai gefe huɗu daidai wa daida, tsawonsa ashana 3, faɗinsa ashana 3. Manoman rani ku ɗauke shi fangali ne. Tsaga shi gida-gida, kowane gida ashana ɗaya tsawo, ashana ɗaya faɗi. Gida 9 za ka samu. A jikin ƙasa zana wani, 4 da 4, ka tsaga, gida 16. A jikin tsani zana na uku, zai fito a karkace, kada ya dame ka, 5 da 5, gida 25. Sa tsakuwa ɗaya a kowane gida na ƙananan fangalin biyu, ko ka ce kan albasa ne. Kwashe su duka, ka juye a babban, gida ɗaya tsakuwa ɗaya. Za su cika shi, ba wanda zai rasa, ba wadda za ta yi saura, don 9 da 16 su ne 25.

Ga amsar da na kasa ba Baba. Ni tsawo nake tarawa, shi ya sa nake ganin 7. Abin da ke taruwa fili ne. Filin bango da filin ƙasa, in aka haɗa, su ne filin tsani.

Na san akwai mai gardama a kowace majalisa, kuma ina son sa, don da shi ake gane gaskiya. Zai ce dace ne kawai, 3 da 4 da 5 ne suka yi jini ɗaya. To gwada 5 da 12: 25 da 144 sun ba da 169, wanda shi ne 13 sau 13. Gwada 8 da 15: 64 da 225 sun ba da 289, wato 17 sau 17. Mutanen Babila, a Iraƙi ta yau, sun bar wani ɗan allon yumɓu da aka rubuta kimanin shekara 1800 kafin Annabi Isa, yanzu yana Jami'ar Kolombiya a Amurka, cike da irin waɗannan lambobi. Layinsa na farko ma 119 ne da 169, waɗanda abokin tafiyarsu 120 ne. Faitagoras, mutumin tsibirin Samos na Girka da sunansa ya manne wa ƙa'idar, sai bayan fiye da shekara dubu aka haife shi. Mutanen Sin sun san ta da nasu sunan, na Indiya sun rubuta ta a littattafan da ke koyar da awon wuraren ibadarsu da igiya.

Amma mai gardama yana da sauran magana, kuma yana da gaskiya. Misali dubu ba hujja ba ne. In ka ɗanɗana buhun shinkafa goma a kasuwar Achida ka ji ba tsakuwa, ba ka rantse a kan na sha ɗaya ba. Muna son dalilin da zai hau kan kowace alwatika mai kusurwar sukwaya, wadda aka taɓa zanawa da wadda ba a zana ba tukuna. A nan kwalin zai yi aikinsa, kuma a nan nake son ku bi ni a hankali.

Yanke alwatika ɗaya daga lungun kwalin. Lungun ya riga ya ba ka sukwaya, kai dai yanka a karkace. Kada ka auna komai, duk yadda hannunka ya ga dama, sai dai gefe ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo don a ji daɗin gani. Ɗora ta a kan sauran kwalin, zana, ka yanke uku irinta sak, su zama huɗu. Yanzu zana murabba'i a ƙasa, tsawon kowane gefensa ya zama bango da ƙasa na alwatikarka in an jera su a layi ɗaya. Wannan murabba'in ɗaki ne. Alwatika huɗun nan dardumai ne.

Shimfiɗa ta farko. Sa darduma ɗaya a kowane lungun ɗakin, kusurwar sukwayarta ta shige lungun. Su riƙa bin juna kamar masu zagaye, ta yadda a jikin kowane bangon ɗaki dogon gefen wannan zai haɗu da gajeren gefen waccan. Duba tsakiya. Akwai ƙasar da ba a rufe ba, murabba'i ne a karkace, kuma kowane gefensa tsanin darduma ɗaya ne. Wato abin da ya rage a buɗe filin tsani ne.

Shimfiɗa ta biyu. Kwashe dardumanka, haɗa su biyu-biyu, tsani manne da tsani. Kowane biyu za su ba ka siffar ƙyaure. Tsayar da ƙyaure ɗaya a lungun kudu maso yamma. Kwantar da ɗayan a lungun arewa maso gabas. Za ka ga ƙarshensu ya taɓa juna a cikin ɗakin. Duba abin da ya rage a buɗe yanzu. Murabba'i biyu ne, ɗaya a wancan lungu, ɗaya a wannan. Gefen ɗaya bango ne, gefen ɗayan ƙasa.

To ku faɗa min. Ɗakin ya ƙaru? Bai ƙaru ba. Dardumai sun ragu, ko wata ta hau kan wata? A'a. Uwar gida ta san wannan ba sai an kai ta makaranta ba: ko ta ina ka ja shimfiɗa a ɗaki, yawan ƙasar da za a share bai sauya ba. Saboda haka murabba'in nan ɗaya na shimfiɗar farko daidai yake da biyun nan na shimfiɗa ta biyu. Kuma ku lura, ban tambaye ku tsawon alwatikarku ba. Na Gandi ya yanke tasa doguwa, na Shinaka ya yanke tasa gajera, duk magana ɗaya ta fito. Mai son lamba ya koma kan 3 da 4: ɗakin 7 sau 7 ne, 49. Kowace darduma rabin 12 ce, wato 6, huɗu sun ci 24. An bar 25.

Akwai yarinya mai kaifin ƙwaƙwalwa da na tabbata yanzu tana ja wa babanta riga, tana cewa, wa ya ce abin tsakiyan nan murabba'i ne na gaskiya? Gefunansa daidai suke, to kusurwoyinsa fa? Allah ya yi miki albarka, 'yata, tambayar malamai kika yi. Dubi ƙyauren da kika haɗa. A lungunsa, tsinin darduma ɗaya da tsinin ɗayar sun haɗu sun cika sukwaya guda. Ashe tsini biyun kowace alwatika irin wannan, in an haɗa, sukwaya ɗaya ne. Koma shimfiɗar farko, dubi inda darduma biyu suka haɗu a jikin bangon ɗaki. Bango miƙaƙƙe sukwaya biyu ne. Tsini biyun sun ci ɗaya. Abin da ya rage a tsakaninsu dole sukwaya ne, shi ne kuwa lungun murabba'in tsakiya.

Hanyoyin tabbatar da wannan ƙa'ida suna da yawa. Sabit bin Ƙurra yana da tasa ta yanka da jerawa, Baskara na Indiya yana da tasa a ƙarni na 12, har wani ɗan majalisar Amurka, James Garfield, ya buga tasa a 1876, shekara biyar kafin ya zama shugaban ƙasa. Ta Uƙlidis kanta da filaye take aiki, sai dai tana da layuka da yawa, ba ta rediyo ba ce.

Wani abu da na gano daga baya ya ba ni dariya. Baba magini ba da mas'ala ta 47 yake aiki ba, da ta 48 yake, wadda ta rufe kashi na farko na littafin. Ta 47 ta ce in kusurwa sukwaya ce, filayen za su daidaita. Ta 48 ta juyo da maganar: in filayen sun daidaita, to kusurwar sukwaya ce. Da ita ake jan harsashi. Matasan magina, ga shawara kyauta: 3 da 4 da 5 sun yi ƙanƙanta ga babban gini, don kuskuren rabin inci a ƙafa 5 yana girma kafin ya kai ƙarshen bango. Ninka su, 6 da 8 da 10, ko 12 da 16 da 20. Mai sayen fuloti ƙafa 50 da 100 kuwa, kada ka tsaya ga gefe huɗu. Sa a ja tef daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta. Ya kamata ya ba da ƙafa 111 da kusan inci 10, ɗayan ƙetaren ma haka. In ɗaya ya fi ɗaya, filin ya karkace, kuma karkataccen fili, ko da gefunansa sun cika, cikinsa bai kai na miƙaƙƙe ba. Masu rabon gadon gona ku riƙe wannan, don zumunci da yawa ya lalace a kan igiyar da ta zagaya daidai alhali ƙasar ba daidai ba.

(Kiɗa)

Mu gangara fadama. Kana da fangali taki 10 da 10, kana son wani mai siffarsa wanda zai ci ninkin irin da wannan ke ci. Kusan kowa zai ce a yi 20 da 20. Lissafa: 10 sau 10, 100. Amma 20 sau 20, 400 ne. Ka nemi ninki biyu ka tashi da huɗu, iri ya ƙare maka a rabin hanya. Wannan tarkon tsoho ne, har masanin Girka Aflaton ya ba da labarin yadda malaminsa Suƙuraɗu ya ɗana wa wani yaro shi, yaron ya faɗa. Mafita tana cikin fangalin. Ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwa. Ta raba shi alwatika biyu, bango 10, ƙasa 10, igiyar ce tsani. Filin tsani 100 ne da 100, wato 200. Tsawon igiyar nan shi ne gefen sabon fangalinka. Mai shakka ya yanke murabba'i biyu na kwali masu girma ɗaya, ya raba kowanne a ƙetare, ya haɗa lungunan sukwaya huɗun a tsakiya, ya ga abin da zai fito. Irin wannan siffar ce malamin lissafi Alhawarizmi ya zana a babin awon ƙasa na littafinsa na aljabara.

To taki nawa ne igiyar? 14 sau 14 ya ba da 196, ya kasa. 15 sau 15 ya ba da 225, ya zarce. Tana tsakani, 14 da ɗigo 14 da wani abu, kuma wani abun nan ba ya ƙarewa. Girkawa sun tabbatar babu yadda za ka yanka taki gida-gida daidai har ya auna gefen da ƙetaren duka biyu ba saura. Igiya tana hannunka, kana ganinta, lamba kuwa ta kasa kama ta cif. Ni wannan har yau yana ba ni mamaki.

Mutanen Goronyo, tun da aka kammala madatsar ruwa a kan gulbin Rima a 1984, noman rani ya zama abincinku, injin ban ruwa kuma ya shiga kowane lambu daga nan har Wurno. To ƙa'idar nan ba ta tsaya ga murabba'i ba. Uƙlidis ya nuna tana hawa kan kowace siffa, muddin ukun kamanninsu ɗaya ne, girma kawai ya bambanta. Da'ira ma haka. Bakin tiyo da'ira ne. Ashe bakin tiyo mai inci 3 da na mai inci 4, in an haɗa, su ne bakin mai inci 5. Na sha jin manomi yana cewa tiyo biyu masu inci 2 ai inci 4 ke nan. Ina! Kwatanta su: 2 sau 2, 4 ne, biyu sun ba da 8. Mai inci 4 kuwa 16 ne, sai ka tara huɗu kafin ka kamo shi. Ko mai inci 3 guda ɗaya, da ke da 9, ya ɗara biyun nan. A aikace ma babban ya fi haka riba, don ruwa ya fi gogar jikin siririn tiyo ya rage gudu, ko da yake ƙarfin injin shi ma yana da tasa maganar. Kafin ka ƙirga kuɗi a shagon mai tiyo, yi ɗan lissafin nan a ƙasa.

Akwai wani malami a Bagadaza, Abul Wafa'i Albuzajani, wanda ya rayu daga 940 zuwa 998. Ya rubuta littafi sukutum a kan abin da masu sana'a ke bukata na handasa. A ciki ya ba da labarin zaman da aka yi tsakanin masu aikin hannu da malaman lissafi, aka kawo tambayar yadda za a haɗa murabba'i uku masu girma ɗaya su zama guda. Malami ya warware da layi a takarda, masu sana'a suka ce ba su gamsu ba, su abin da za a yanka a jera suke so. Su kuma da suka kawo nasu hanyoyin, wasu sun yi kyau a ido amma akwai ɗan kuskure a ɓoye. Sai Abul Wafa'i ya fito da yankan da ya gamsar da ido, ya gamsar da hujja.

Irin wannan zama ne nake ganin mun rasa. Shi kansa Bello, a nasihar mulki da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sa kula da masu sana'a cikin aikin shugaba. Mu kuwa yaro na aji yana haddar haruffa, magini na bayan tagar ajin yana jan igiya, ba mai leƙa wani. Malaman makaranta, musamman na Rabah, garin da aka haifi Sardauna Ahmadu Bello, tattaɓa-kunnen mai Wurno, wanda shi ma da alli ya fara a makarantar Midil ta Sakkwato a 1931 kafin a naɗa shi hakimi: don Allah ranar da za ku koyar da wannan darasi ku fita da yara tsakar makaranta. A gayyato magini da fegi da igiyarsa. Ya ja, su ƙirga gidaje. Ba ya cin ko sisi, sai goron Baba.

Lokaci ya ƙure, ga aikin gida. Mai gyaran tankin ruwa ya jingina tsani mai ƙafa 25 da bango, gindinsa ƙafa 7 daga bangon. Ku fara gano inda kan tsanin ya kai a sama. Sai ƙasa ta yi santsi, kan tsanin ya zame ya sauko ƙafa 4. Gindinsa ƙafa nawa ya ja baya? Na ji wani a Kwargaba ya ce 4 tun ban rufe baki ba. Malam, koma ka zana fangalinka. A turo amsa kafin mako mai zuwa, kuma wanda ya turo lamba ba tare da ya faɗi yadda ya same ta ba, ba zan karanta sunansa ba.



(Kiɗan rufe shiri)